Takardun Sake Aure a Ƙasar Waje Bayan Mutuwar Auren Farko

A Sakkwato, idan aure ya mutu, unguwa ce shaida. An ga ranar da aka kwashe kaya, an san lokacin da matar ta koma gidan iyayenta, manyan mata sun san ta gama idda, kuma idan wani ya fito neman aurenta, waliyyinta ba ya buƙatar wata hujja bayan abin da ya riga ya sani. Jami'in da ke zaune a ofishin rajistar aure na Manchesta ko Balin ko Istanbul ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan shaidu, don haka abin da yake nema shi ne takardu su ba shi labarin tun daga tushe: a wace ƙasa aka ɗaura auren farko, a ƙarƙashin wace doka, wace hukuma ce ta raba shi, kuma shin mutumin da sunansa ke cikin takardun shi ne wannan da ke tsaye a gabansa. Duk inda labarin ya yanke, a nan za a dakatar da maganar aure, ko da an riga an sa rana an gayyaci jama'a.

Bayanin da ke tafe ya shafi wanda aurensa ya mutu a gida Najeriya alhali sabon auren a waje za a ɗaura shi, domin a idon waccan ƙasa sakin Sakkwato saki ne na ƙasar waje. Ya kuma shafi wanda kotun wata ƙasa ta raba aurensa, kamar ma'aikaciyar jinya da aka raba aurenta a Ingila sannan aiki ya kai ta Jamus ko Saudiyya. A duka biyun, dokar ƙasar da za a ɗaura sabon auren ce ke da ta cewa a kan ko mutum ya kuɓuta daga igiyar farko, kuma abin da za ta fara dubawa shi ne ko hanyar da aka bi aka raba auren ta dace da hanyar da aka bi aka ɗaura shi.

Mataki na farko: a tambayi ofishin da zai ɗaura auren

Kafin a kashe ko kwabo, a rubuta wa ofishin rajista ko kotun iyali ko hukumar addini ta garin da za a yi auren, a faɗa musu ƙasar kowane ɗaya daga cikin masu niyyar auren, da inda aka ɗaura auren farko, da inda aka raba shi, sannan a nemi su aiko da jerin takardun da suke so a rubuce. Sharuɗɗan suna bambanta har a cikin ƙasa ɗaya, domin a Amurka kowace jiha da dokar aurenta, a Maleshiya ma kowace jiha da hukumar addininta. Abin da ya yi wa wani aboki aiki a shekarun baya ba hujja ba ne a gaban jami'in yau, amma wasiƙar da ofishin ya rubuto da kansa hujja ce.

Mataki na biyu: a tantance irin auren da aka ɗaura da farko

Yawancin aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki, a shafa fatiha a raba goro, kuma sau da yawa babu wata takarda da ke biyo baya. Akwai kuskuren da ya yaɗu tsakanin mutanenmu mazauna Turai, cewa irin wannan aure ba ya cikin lissafi a can tunda ba a yi masa rajista ba. Ba haka abin yake ba. Dokar Najeriya ta san auren Musulunci a matsayin cikakken aure, kuma ƙa'idar da Ingila da ƙasashe da dama ke bi ita ce, auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi ya inganta a wurinsu. Saboda haka mutumin da ya bar mata a Mabera ko Arkilla, sannan ya shiga ofishin rajista a Ingila ya ce bai taɓa aure ba, ya yi ƙaryar da doka ke hukunta mai yin ta, sabon auren nasa kuma ɓatacce ne. Laifin ɗaura aure a kan aure a Ingila, bisa wata doka ta 1861, ɗaurinsa yana iya kaiwa shekara 7, kuma halaccin ƙarin aure a addini ba ya zama kariya a gaban waccan kotu.

Nau'i na biyu shi ne auren rajista, wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya. Wannan Babbar Kotun jiha ko ta Abuja ce kaɗai ke raba shi, bisa Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, Kotun Shari'ar Musulunci ba ta da hurumi a kansa. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne auren da aka yi wa ɗauri biyu: an shafa fatiha a Sakkwato, daga baya kuma ma'auratan suka tafi rajista a Abuja ko Ikoyi domin neman biza ya yi sauƙi. Da saɓani ya zo, miji ya rubuta saki, mata ta yi idda, kowa ya kama gabansa. A addini an rabu, amma a dokar ƙasa igiyar rajista tana nan daram, kuma takardar wannan rajista tana cikin fayil ɗin ofishin jakadancin da ya ba da bizar, don haka babu batun a yi kamar ba a yi ta ba. Dokar Aure ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya ƙulla wani aure bisa al'ada alhali auren rajistarsa yana raye.

Wanda ya samu kansa a wannan hali, mafita ɗaya ce gare shi, wato ya ɗauki lauya a shigar da ƙara a Babbar Kotu. Dalilin da doka ta amince da shi shi ne aure ya lalace ta yadda ba zai gyaru ba, kuma daga cikin abubuwan da ake kafa hujja da su akwai rabuwar zama ta shekara 2 idan ɗaya ɓangaren bai ƙi a raba ba, ko ta shekara 3 ko da ya ƙi. Ba a shigar da irin wannan ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, in ban da wasu dalilai da doka ta keɓe.

Akwai kuma wanda aka ɗaura masa aure a wani masallaci ko gida a Ingila ba tare da bin ƙa'idar rajista ta can ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke a 2020 cewa irin wannan ɗauri ba aure ba ne a idon dokarsu, saboda haka babu hukuncin kotu da za a nema na raba shi. Duk da haka, ya kamata a bayyana wa jami'in rajista yadda abin ya kasance, shi ya yanke abin da zai rubuta.

Mataki na uku: a samo hujjar rabuwa daga kotu

Kowa ya san takardar saki irin wadda aka saba gani. Falle ne da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta da biro cewa "Ni wane na saki matata wance saki ɗaya", babu kwanan wata, babu sunan mahaifi, babu sa hannun shaida, an ninke shi huɗu an cusa a ƙasan akwati har tawadar ta fara dusashewa a kan ninkin. A shari'a wannan ya wadatar, a zauren gida ma ya wadatar, amma babu jami'in wata ƙasa da zai ɗaura aure a kansa, tunda kowa yana iya rubuta irinsa a minti ɗaya. Kada a yar da shi, domin shi ne tushen abin da za a gina.

Abin yi shi ne a je Kotun Shari'ar Musulunci da ke da hurumi a yankin da ma'auratan suka zauna, a nemi ta tabbatar da sakin. Kotu za ta aika wa tsohon miji ko tsohuwar mata sammaci, ta saurari shaidu, sannan alƙali ya rubuta abin da ya tabbata a gabansa. A nan ya kamata mai nema ya buɗe ido, ya roƙi hukuncin ya ƙunshi cikakken sunan kowane ɓangare kamar yadda yake a fasfo, da ranar da aka ɗaura auren da wurin da aka ɗaura shi, da ranar da aka yi sakin da garin da aka furta shi, da adadinsa, da bayanin cewa idda ta cika ba a yi kome ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasashen Musulmi, domin alƙali a Jidda ko Alƙahira ya san saki ɗaya ko biyu yana karɓar kome, zai kuma tambaya. Bayan hukunci, a karɓi takardar shaidar rabuwa, a kuma nemi kwafin hukuncin da magatakardar kotu ya buga wa hatimi ya sa hannu a kowane shafi, tare da lambar ƙara da rasit ɗin kuɗin da aka biya. Wasu ƙasashe, musamman Jamus, suna son ganin shaidar cewa hukuncin ya zama na ƙarshe, don haka a nemi wasiƙar magatakarda mai nuna cewa wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce kuma babu wanda ya ɗaukaka.

Matar da aka raba aurenta ta hanyar khul'i ko fasakhi a gaban alƙali ta fi kowa sauƙi, tunda fayil ɗinta yana nan a kotu, abin da take buƙata kawai shi ne sunan kotun da shekarar da lambar ƙarar. Wanda kuma yake waje ba zai iya zuwa ba, yana iya naɗa wakili da takardar wakilci da ya sa wa hannu a gaban jami'in ofishin jakadancin Najeriya ko lauya mai hatimin shaida. Idan auren farko ba shi da takarda, waliyyi ko ɗaya daga cikin shaidun ɗaurin auren ya yi takardar rantsuwa a Babbar Kotu, ya faɗi rana da wuri da sadaki.

Akwai dillalan da ke tsayuwa a bakin ƙofar ofisoshi suna alƙawarin fito da takardar saki a yini ɗaya, har da mayar da kwanan wata baya idan an ƙara musu wani abu. A ganina babu asarar da ta kai wannan, domin takardar da ba ta da asali a kundin kotu tana tonuwa da zarar an aiko mai bincike ya buɗe kundin, kuma idan ta tonu ba auren kaɗai ke rushewa ba, har izinin zama yana iya tafiya.

Ga wanda Babbar Kotu ko kotun wata ƙasa ta raba aurensa, abin lura shi ne hukunci biyu ake yi, kuma na biyun ne ke sakin mutum. A Najeriya hukuncin farko yana zama na ƙarshe ne bayan wata 3, sai a karɓi takardar da lauyoyi ke kira dikiri absolut. A Ingila da Wels, tun daga 6 ga Afrilu 2022, ana jiran mako 20 kafin a nemi hukuncin wucin gadi, sannan a ƙara mako 6 da kwana 1 kafin a nemi umarnin ƙarshe. Duk auren da aka ɗaura tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe, an ɗaura shi ne a kan igiyar da ba ta tsinke ba.

Mataki na huɗu: a duba inda aka furta sakin da inda ake zaune a lokacin

Wannan ita ce gaɓar da ta fi kayar da mutane, domin takarda tana iya zama ta gaskiya, hatiminta na gaskiya, amma a ƙi amincewa da rabuwar saboda wurin da ta auku. Dokar Iyali ta Birtaniya ta 1986 ta ce, a sashe na 44, babu rabuwar da aka yi a cikin ƙasar da za ta inganta sai wadda kotun ƙasar ta yi. Mutumin da ke zaune a Manchesta ya furta saki ta waya, ko ya aika da shi ta WhatsApp zuwa Sakkwato, a idon dokar Ingila yana nan da aurensa, kuma kai takardar gaban alƙali a gida daga baya ba ya gyara wannan. Sashe na 46 ya raba sakin ƙasar waje gida biyu. Idan ta hanyar shari'a aka raba auren, ana amincewa da shi matuƙar ya inganta a ƙasar da aka yi shi, kuma ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasar ne ko mazauninta. Idan kuwa saki ne na baki ko na rubutun hannu ba tare da shari'a ba, sharuɗɗan sun fi tsauri: ana duba ƙasar da doka ke ɗauka a matsayin mazaunin dindindin na kowannensu, kuma dole ya kasance babu ɗayansu da ya shafe shekarar da ta gabaci sakin yana zaune a Birtaniya. Ke nan wanda ya daɗe a can, ya zo hutun sallah ya yi saki a gida ya koma, bai tsira ba, sai ya nemi rabuwa a kotun Ingila.

Jamus ma ba ta yarda da rabuwar da aka yi a cikin ƙasarta ba tare da kotu ba. Rabuwar ƙasar waje kuma sai an shigar da buƙata ta musamman ga hukumar shari'a ta jiha, wadda a jihohi da dama shugaban babbar kotun yanki ne ke duba ta, kafin a ɗauki mutum a matsayin wanda ba shi da aure. An keɓe rabuwar da kotun wata ƙasa ta yi tsakanin mutum biyu da dukansu 'yan wannan ƙasa ne kaɗai, an kuma keɓe hukuncin kotunan ƙasashen Tarayyar Turai in ban da Denmak. Birtaniya ta fita daga wannan sauƙi, domin ƙarar rabuwar da aka shigar a can bayan 31 ga Disamba 2020 ba ta cin moriyarsa. A Amurka jihohi ne ke yanke hukunci, kuma galibi suna son ganin ɗaya daga cikin ma'auratan yana zaune a ƙasar da aka raba auren, an kuma sanar da ɗayan ya samu damar kare kansa. A 2008 babbar kotun jihar Merilan ta ƙi amincewa da sakin da wani ɗan Pakistan ya yi a ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Washinton.

Shawarata ga duk wanda yake zaune a waje kuma aurensa yana tangal-tangal ita ce ya nemi lauyan iyali a ƙasar da yake zaune tun kafin a kai ga rabuwa, saboda gyaran wannan kuskure daga baya yana nufin sake shari'a daga farko.

Mataki na biyar: a daidaita sunaye da ranar haihuwa

Mutumin Sakkwato yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a fasfo, Muhammad a katin ɗan ƙasa, kuma a wata takardar sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata kuma sunan garinsu, Wurno ko Gwadabawa ko Bodinga, kamar yadda aka saba tun a makaranta. Mace kuwa tana iya zama Hauwa'u a fasfo amma Kulu a takardar saki, ko kuma ta ɗauki sunan tsohon mijinta a fasfon da aka yi mata lokacin tafiya. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, a wurin jami'in rajista kuwa mutum uku ne har sai an tabbatar masa da akasin haka. A baza takardun duka a kan tabarma, a bi su harafi bayan harafi, a ɗauki fasfo a matsayin ma'auni. Inda aka samu bambanci, a yi takardar rantsuwa mai nuna cewa sunayen na mutum ɗaya ne, idan kuma canjin suna ne sosai, a haɗa da sanarwa a jarida, a kuma gyara bayanan lambar NIN kafin a je sabunta fasfo.

Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake karɓa. Wanda aka haifa kafin dokar rajistar haihuwa ta 1992, ko wanda ba a yi masa rajista yana yaro ba, hukumar tana ba shi takardar tabbatar da haihuwa bayan wani babba daga danginsa ya yi rantsuwar shekaru a kotu. Wadda mijinta ya rasu kuma, takardar shaidar rasuwa daga wannan hukuma ce ke tsaya mata a madadin takardar saki.

Mataki na shida: shaidar cewa babu wani aure a halin yanzu

Hukuncin rabuwa yana nuna auren farko ya ƙare, amma bai nuna ba a sake wani ba bayansa. Saboda haka ake neman takardar rantsuwa daga Babbar Kotu, wani lokaci kuma da wasiƙa daga ofishin rajistar aure na tarayya ko na ƙaramar hukuma. A karanta abin da aka buga kafin a sa hannu, domin masu buga takardu a harabar kotu suna da tsararren rubutu na samari da 'yan mata wanda ke cewa mai rantsuwa bai taɓa aure ba. Bazawari ko bazawara abin da za su rantse a kai shi ne sun taɓa aure, an raba shi a rana kaza, kuma ba su sake wani ba tun daga lokacin. Faransa tana ƙara neman takardar da ke bayyana abin da dokar ƙasar baƙo ta ce game da cancantarsa ta yin aure, wadda ake nema ta ofishin jakadanci. Jamus kuma tana neman shaidar cancantar aure, wanda ƙasarsa ba ta bayar da irinta sai ya nemi shugaban babbar kotun yanki ya ɗauke masa wannan sharaɗi, kuma izinin wata 6 yake yi.

Mataki na bakwai: hatimai da fassara

Tantance takarda kamar isnadin hadisi yake, kowace hukuma tana shaidar sa hannun wadda ta gabace ta ne kawai, don haka ba a tsallake ɗaya. Magatakardar kotu ne farko, sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, inda ake biyan kuɗi ta Remita a buga hatimi a bayan takardar, sai kuma ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 wadda ta taƙaita wannan aiki zuwa hatimi ɗaya da ake kira afostil, saboda haka duk wanda ya ce zai samo wa takardar Sakkwato afostil, ko dai bai san aikin ba ko yana neman kuɗin banza. Amma hukuncin kotun Ingila ko Amurka ko Faransa da za a kai wata ƙasa da ke cikin yarjejeniyar, afostil ya ishe shi. Saudiyya ta shiga a Disamba 2022, Kanada kuma a Janairu 2024.

Jamus hanyarta daban ce. Ofisoshin jakadancinta sun daɗe da daina buga wa takardun Najeriya hatimi, a maimakon haka ofishin rajistar aure na can ne ke neman a yi bincike, sai a tura amintattun lauyoyi su je kotun da makarantar da gidan dangi su tabbatar da abin da aka rubuta. Mai nema ne ke biyan kuɗin, aikin kuma yana ɗaukar watanni, don haka a sanar da mutanen gida cewa baƙo zai zo da tambayoyi, su faɗi gaskiya yadda take. Ingila da Amurka kuwa galibi ba sa neman wannan jerin hatimai, abin da suke so shi ne takardar asali ko kwafin da kotu ta tabbatar. A Ingila akwai kuɗi na daban da ake biya domin duba rabuwar ƙasar waje, kuma wani lokaci sai an tura takardun babban ofishin rajista na ƙasa.

Hukuncin Kotun Shari'a sau da yawa da Hausa ake rubuta shi, don haka sai an fassara. A gama buga hatimai tukuna, domin su ma ana fassara su. Jamus da Faransa suna son fassarar rantsattsen mai fassara da kotunansu suka sani, ƙasashen Larabawa kuma suna son ta ofishin fassara mai lasisi. A sa ido a kan yadda aka fassara khul'i da idda da saki ɗaya, kada mai fassara ya mayar da cikakkiyar rabuwa ta koma rabuwar zama kawai. Wanda zai ɗaura aure a Birnin Ƙonni ko Yamai ma kada kusanci ya ruɗe shi, domin daga Illela an shiga wata ƙasa, kuma idan ana son auren ya samu rajista a ofishin magajin gari, takardun da Faransanci ake aiki da su.

Mataki na takwas: lissafin lokaci da ɓangaren addini

Idda tana gaba da komai: tsarki uku ga mai haila a mazhabar Malikiyya, wata 3 ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki, wata 4 da kwana 10 ga mai takaba. Bayan ita akwai wa'adin da wasu dokoki suka ɗora. Turkiyya tana hana mace sake aure sai bayan kwana 300 da rabuwa, sai dai idan ta haihu ko kotu ta ɗage bayan likita ya tabbatar ba ta da ciki. A Amurka, jihar Teksas tana sa jiran kwana 30 bayan hukunci, Wiskonsin kuma wata 6. A Ingila ana ba da sanarwar aure aƙalla kwana 29 kafin ranar, bayan an zauna kwana 7 a yankin ofishin, kuma idan ɗaya baƙo ne Ma'aikatar Cikin Gida tana iya tsawaita jiran zuwa kwana 70. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba da damar ɗaura aure a can, akwai biza ta musamman domin haka. Bizar wanda aka yi wa baiko ta Amurka tana ba da kwana 90 ne a ɗaura aure bayan shiga, kuma dole rabuwar farko ta kammala tun kafin a shigar da buƙatar.

Tunda wasu takardu suna tsufa, a fara da masu ɗaukar lokaci waɗanda ba sa lalacewa, wato hukuncin kotu da gyaran suna, a bar takardar rantsuwar rashin aure da gwajin lafiya zuwa ƙarshe, saboda ofisoshi da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata 3 ko 6. Kada a sa rana, kada a kama wurin biki, sai ofishin ya tabbatar a rubuce cewa ya karɓi hujjar rabuwar.

Matar da kotun Turai ta raba aurenta amma mijin bai furta saki ba tana da sauran aiki. Malamai sun yi saɓani a kan ko hukuncin irin wannan kotu yana tsayawa a matsayin saki, musamman idan ita ce ta kai ƙara shi kuma bai yarda ba. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a nemi ya rubuta saki a gaban shaidu, idan ya ƙi a kai maganar gaban alƙali a gida ko wata majalisar malamai a can, kamar Majalisar Shari'ar Musulunci da aka kafa a Landan a 1982, tare da sanin cewa takardar irin wannan majalisa ta addini ce kawai, ba ta maye gurbin hukuncin kotu. Haka kuma bazawara, duk da cewa ba a aurar da ita sai da yardarta, tana buƙatar waliyyi. Idan mahaifinta ko yayanta ba zai iya tafiya ba, ya naɗa wakili a rubuce, ya ambaci sunan ango da sadaki, a bi da takardar ta jerin hatiman da aka ambata. A Saudiyya ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai da izinin hukuma, baƙi mazauna kuma ana duba igamarsu, wato takardar izinin zama, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa gwajin lafiya kafin aure wajibi ne.

Bayan an ɗaura auren, a karɓi kwafi fiye da ɗaya na takardar shaidarsa, a kai ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasar a buga hatimi idan za a yi amfani da ita a gida. Sashe na 81 na Dokar Shari'o'in Aure ta Najeriya ta 1970 ya amince da rabuwar da aka yi a ƙasar waje bisa sharuɗɗa, babba daga cikinsu shi ne wanda ya nemi rabuwar ya kasance waccan ƙasa ce mazauninsa na dindindin, saboda haka wanda zaman karatu ko na ɗan lokaci ya kai shi can, ya nuna wa lauya hukuncin kafin ya dogara da shi a Najeriya. Fayil ɗin rabuwar farko kuma a adana shi tare da fassararsa da rasit-rasit ɗinsa, domin za a sake neman sa lokacin nema wa miji ko mata bizar zama, da lokacin neman zama ɗan ƙasa, da kuma ranar rabon gado idan akwai 'ya'ya daga aure biyun.